Injina Goma Sha Ɗaya a Garejin Mahaifinka

Bunkure,
6 ga Nuwamba.

Zuwa ga ɗana Jamaluddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Aziza da yara, Ya kuma kare ku a zaman Fatakwal. Ni ina nan da sauƙi, in ban da gwiwa. 'Yar'uwarka Sa'adiya ta koma ɗakinta a Madobi tun ranar da na fita takaba. Ta so ta ƙara mako biyu, na ce mata ban kai matsayin da za a yi jinyata ba. Na zaɓi rubutu a kan waya ne domin abin da zan faɗa ba na son a katse ni a tsakiyarsa.

Ka san shekara arba'in ina kallon garejin mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, ina haɗiye magana. Ni da na riƙe makarantar firamare shekara ashirin da biyu ba a taɓa neman alli an rasa ba, a gidana kuwa sai ka tsallake buhu kafin ka taka ƙasa. Da na fita takaba na ɗauki takarda da rula na zana yadda wurin ya kamata ya kasance: kanta mai hawa huɗu a bangon gabas, teburin aiki a ƙarƙashin taga, ƙusoshi a bango domin rataya sifana da tiyo, tsakiya kuma a bar ta fili yadda motarka za ta shiga in ka zo. Kafinta ya yi aikin cikin kwana shida. Ni da hannuna na kwashe ƙarafan da ke shimfiɗe a kan buhuna, na wanke su da kalanzir, na ware su iri-iri, fulogi da fulogi, noti da noti, kowane a kwalinsa da sunansa a rubuce. Buhunan na ƙone su. Ban shawarci kowa ba, kuma ranar da na gama na ji daɗin da ban ji ba tun rasuwarsa.

Ranar Asabar Hananiya ya zo, mutumin Filato ɗin nan mai noman tumatir a ƙarshen kanal ɗin ban ruwa. Ya tsaya a bakin ƙofar garejin ya tambaye ni ina buhunan. Shi ya bayyana mini abin da ban taɓa tambaya ba. Ashe a ƙarshen kowane rani manoma kan kawo wa mahaifinka injinan ban ruwansu, ya kwance su, ya shimfiɗa kayan kowane a buhunsa har damina ta wuce. Ba ya rubuta suna. Wanda gonarsa ke farkon kanal, buhunsa na bakin ƙofa. Na ƙarshe kuma yana can jikin bango. Daɓen garejin nan shi ne littafinsa, ni kuwa na share shi. Injina goma sha ɗaya ne, na mutum goma sha ɗaya, ba su zo tun da wuri ba don girmama takabata.

Na kira bakanike daga Kura. Ya ce zai iya harhaɗa su, amma ba zai iya rantsuwa a kan wane ƙarfe ne na wane ba, alhali wasu sababbin kaya suka saya bara, wasu kuma nasu sun cinye. Shekaranjiya biyu daga cikin masu injinan, Dattijo Isiyaku da ƙaninsa, sun kusa dambe a ƙofar gidana a kan gangar inji ɗaya. Ina daga zaure na ji wani yana cewa, "Ashe Malam ma haka ya riƙe amanar mutane." Na fita na ce musu laifin nawa ne, amma mace mai shekara saba'in ba a yi mata gardama a fuska, sai a je kasuwa a faɗi abin da aka ga dama. Irin tumatir ɗinsu ya isa dashe, wanda bai ɗaga ruwa cikin mako biyu ba ya yi asarar rani.

Hananiya ya ce mahaifinka yakan yi 'yar alama da zarto a jikin manyan ƙarafa, kuma bayan shi babu mai karanta ta sai kai, da ka zauna a gefensa shekara uku kafin na fitar da kai da ƙarfi na ce ɗana ba zai ƙare da baƙin mai a farce ba. Ban san ko kana tunawa ba. Ban taɓa roƙon ka komai ba, kai shaida ne. Ina roƙon ka ka nemi izini a wurin aiki ka zo kafin Juma'ar sama. Kada ka aiko kowa a madadinka. Na kulle garejin, ba zan ƙara taɓa ko noti ɗaya ba.

Ka gaishe mini da Aziza, da Muhsina, da Ibrahimu. Kawunka na Dawakin Kudu yana gaishe ku, bai san zancen nan ba tukuna. Ka sa mahaifinka a addu'a.

Mahaifiyarka,
Hajiya Kubra Salim