Kwalin Ƙarƙashin Tebur

Litinin, 4 ga Maris, 1996

Yau aka sauke sauran kayan ofishinmu daga Legas. Tafiretata ta iso a lauye, amma tana aiki. Oga Wakili ya tara mu masu buga takardu, ya ce tunda gwamnati ta dawo Abuja, aiki ma ya sake salo: a watan Mayu za a gwada kowa a kan kwamfuta, wadda ta kasa sai ritaya. Yana faɗa yana murmushi kamar mai raba goro. Ni da na fara buga takarda tun yana sa gajeren wando! 'Yata Glory tana ajin ƙarshe a sakandare. In aka sallame ni yanzu ban san inda zan sa kaina ba. Tsoro nake ji, a nan dai zan iya faɗa.

Laraba, 13 ga Maris

Na taɓa kwamfutar. Baƙin allo, da wani ɗan haske yana ƙyafta min ido. Ba ta nuna maka abin da ke cikinta sai ka buga mata wasu haruffa daidai, ka kuskure ɗaya ta yi maka kunnen uwar shegu. Lucy, da muke tebur ɗaya tun Legas, ta leƙa ta ce, "Janet, wannan abu ba na mutane ba ne, I swear."

Lahadi, 17 ga Maris

Bayan sujada a unguwarmu Orozo ina ta ƙorafi, ashe Thaddeus yana ji, mijin ƙawata Rita, wanda ke aiki a cibiyar kimiyya ta Sheda. Wai ya rubuta wata 'yar manhaja mai jera fayilolin cikin kwamfuta, kyauta yake raba ta a faifai. Na ce masa araha ba ta ado, balle kyauta. Ya yi dariya: "Maman Glory, ki gwada tukuna."

Talata, 19 ga Maris

Ya zo ya sa mana. Allon ya rabu gida biyu, hagu da dama, kamar tiren shiga da tiren fita na kan teburina. Ga sunayen fayiloli a jere, kana gani da idonka. Ka sa layi a kan wanda kake so, ka tura shi ɗaya ɓangaren. A ƙasa an rubuta aikin kowane maɓalli, ba sai ka haddace ba. Babu ado, babu surutu. Ban yaba masa ba, kada kansa ya kumbura.

Alhamis, 28 ga Maris

Ranar baƙin ciki. Tun safe nake buga jawabin da oga zai karanta wa baƙi. Na gama, na ce bari in share tsohon kwafin don kada a rikice. Ashe layin yana kan sabon. Allo ya tambaye ni, "Are you sure?" Kafin in gama karantawa yatsana ya riga ya amsa. Shi ke nan, ya tafi, ko sawunsa babu.

Na koma tafireta na sake bugawa daga rubutun hannun oga, baƙi suna zaune suna jira. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Kin ga dalilin gwajin ke nan, Madam." Da ma zagina ya yi. Na shiga banɗaki na yi kukana, Lucy tana tsaye a bakin ƙofa.

Asabar, 30 ga Maris

Na je Kado sayen kifi, na haɗu da Rita, ta ja ni gidansu. Na zazzage wa mijinta duk abin da ke cikina.

"Amma ai ta tambaye ki," in ji shi.

Na ce, "Baban Silas, ka taɓa aikin sakatariya? In aka ce maka ka tabbata, me za ka ce ban da yes sir? Da wannan amsar na ci abinci duk rayuwata."

Muka yi ta musu. Shi wai laifina ne, ni wai nasa. Can ya tambaye ni yadda nake yi da takardar da ta ɓaci. Na ce akwai kwalin madara a ƙarƙashin teburina, nan nake jefa su, kuma babu wadda ake ƙonawa sai oga ya sa hannu a ta ƙarshe, don sau da yawa yakan ce a dawo masa da ta jiya. Haka kowace mai buga takarda ke yi. Sai ya ƙura wa bango ido, miyarsa tana hucewa. Rita ta ce in rabu da shi, haka yake in abin ya motsa.

Talata, 9 ga Afrilu

Ashe duk hutun Ista a kan abin ya ƙare. Thaddeus ya kawo sabon faifai. Ya cire tambayar gaba ɗaya! Yanzu in ka share fayil, wani ɗan lungu yake faɗawa, ya ma sa masa suna KWALI, maɓalli ɗaya kuma ya dawo da shi inda yake. Na ce cire tambaya ba ganganci ba ne? Ya ce, "Tambayar nan ba ke take karewa ba. Ni take wankewa, don in ce ai an tambaye ki." Na daɗe ina juya maganar a mota.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Na share, na dawo da shi. Na share, na dawo da shi. Sai ka ce yarinya ta sami sabon takalmi. Lucy kuwa tun ranar kukana ko kusa da injin ba ta zuwa.

Laraba, 8 ga Mayu

Gwaji. Na sake share fayil ɗin da ba shi ba. Kafin mai gwajin ya ɗago kai na ciro shi daga kwali. Zuciyata ma ba ta buga sosai ba.

Lucy ta zauna hannu a cinya. Ta san komai, mun yi bita da baki. Dannawa ce ta kasa, har lokaci ya cika.

Litinin, 20 ga Mayu

Na ci gwajin. Glory ta yi ta tsalle. Lucy an ba ta dama ta ƙarshe a Yuni. Murnar ba ta shiga jikina ba.

Asabar, 25 ga Mayu

Na roƙi maigadi ya buɗe mana ofis. Na zaunar da Lucy, na sa layi a kan sabon jawabin oga, na ranar Litinin, wanda ba shi da wani kwafi. Na ce ta share.

"Janet, kina so a kore mu biyu ne?"

Na ɗora yatsana a kan nata na danna. Ya ɓace. Ta yi ihu, "Yesu!" har maigadi ya leƙo. Na nuna mata maɓallin, da kanta ta dawo da shi. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Daga nan sai da na ja ta kafin ta tashi daga kujerar. Za ta ci, na sani.

Mun kai bakin titi hadari ya haɗu, na tuna tagar ofis ba ta rufuwa. Na koma da gudu, a shekaruna, na lulluɓe kwamfutar da mayafina. Na jiƙe sharkaf kafin Orozo.

Kayan gwamnati ne, shi ya sa.