Tukunya ta Uku a Maƙogwaro

Litinin, 1 ga Oktoba

Yaya Wendell ya zo da tsohuwar taswirar nan da gefenta ya sha ruwa. Ya shimfiɗa ta a teburin kicin, ya danne da kwalbar gishiri, ya ce ranar ashirin ga wata za mu sauka kwazazzabon Maƙogwaro. Bai tambaye ni ba. Shekara talatin muna bin kwazazzabai tare, bai taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa cewa a'a ba.

Hannunsa na dama yana cikin aljihu har ya tafi. Tun da likita ya ba ciwon rawar jikin suna a watan Yuni, can yake ajiye shi.

Laraba, 3 ga Oktoba

Na fito da kaya. Dogayen igiyoyi biyu, ɗamara, ƙugiyoyi, hular kwano, jakar yashi. Sauka tara ce da igiya. Ta ƙarshe ita ce doguwar, mutum yana lilo a iska ruwa na dukan kansa. Tsakaninsu kuma ga tukwanen, ramukan da ambaliya ta ƙwaƙule a dutse, cike da ruwan da rana ba ta taɓa gani ba. In sun cika, iyo ne kawai. In ruwan ya ja baya, bakin ya fi ƙarfin hannu, bango sumul kamar cikin kwano. Ta ukun ce muguwar.

Rigar shiga ruwan sanyi ban ciro ta ba. Ba yau ba.

Juma'a, 5 ga Oktoba

Marva, matar Yaya, ta tare ni a kanti a garin Kanab, tsakanin madara da ƙwai. Ta riƙe keken sayayyata don kada in wuce. Ta ce shekaranjiya ya saki tukunyar romo a tsakar kicin, ta ce maɓallin riga ma sai ya zauna a bakin gado ya yi ta fama. Wai ni kaɗai yake jin maganata.

Na ce mata mutumin da ya ɗaure ni da igiyar shanya ina 'yar shekara shida, ya zuro ni daga rufin ɗakin dawakai, shi ne zai ji maganata? Ba ta yi dariya ba.

Ta ce, “Nelda, in kuka shiga ramin nan ku biyu, ke ce za ki fito ke kaɗai ki gaya mini.”

Na dawo gida ban sayi madarar ba.

Lahadi, 7 ga Oktoba

Sau huɗu na duba hasashen yanayi. Ko ɗigon hadari babu har ƙarshen wata. Abin kunya, ruwa nake roƙo, har a coci yau. In aka yi ruwa babu mai shiga, ba kuma sai na buɗe baki ba.

Talata, 9 ga Oktoba

Bari in rubuta sau ɗaya, tunda ba mai gani.

Bara, a watan Mayu, a wani kwazazzabon daban, na shiga tukunya na kasa fita. Minti arba'in. Na jefa jakar yashi ta ƙetare bakin sau nawa don in ja jikina da igiyarta, tana dawowa. Daga baya yatsuna suka daina rufuwa. Ina kallonsu, ina ce musu su kama, suna nan a buɗe kamar na wani. Abin da ya fi tsorata ni shi ne lokacin da na daina jin sanyin, na fara jin kamar in kwanta. Yaya ne ya zagayo ta sama, ya saƙala ƙugiya a ɗamarata ya ja. Da wannan hannun.

A hanyar dawowa maganar tayoyin mota ya yi ta yi. Ba mu sake tayar da zancen ba. Tun ranar ban shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Kullum da abin da zan ce: baya, aiki, baƙi.

Alhamis, 11 ga Oktoba

Na kira Corinne, 'yarsa, tunda tana cikin masu aikin ceto ta san halin ruwa a ko'ina. Ta ce bana duk tukwanen yankin sun ja baya, ba ta taɓa ganin haka ba. Sai ta ce, “Gwaggo, kin san Baba bai taɓa kai ni Maƙogwaro ba? Tun ina sakandare yake ce mini sai baɗi.” Shekararta talatin da huɗu yanzu. Na ce mata haka yake. Me zan ce?

Asabar, 13 ga Oktoba

Na yi abin da bai kamata ba. Ko ya kamata, ban sani ba.

Na ce wa Yaya mu je dutsen bayan tsohuwar gonar Baba mu motsa jiki, kamar yadda muka saba kafin kowace tafiya. Na zo da bokiti cike da ƙanƙara a bayan mota. Na ce mu tsoma hannu minti uku, sannan kowa ya zura igiya a ƙugiya ya ƙulla, don mu gane yadda za a yi a can ciki. Na ce wani sabon salo ne da su Corinne suke yi. Ƙarya ce.

Ya dube ni, ya dubi bokitin. Ya ce, “To, malama, a fara.”

Ni na fara. Na ƙulla, da ƙyar. Shi kuwa da ya ciro hannun, sai ya zama kamar kifi a busasshiyar ƙasa. Ya kama igiyar da hagu, ya nemi bakin ƙugiyar, ya kuskure. Ya sake. Ya sa haƙori. Ƙugiyar ta suɓuce ta gangara cikin yashi. Mutumin da ya koya wa rabin garin nan ɗaurin igiya, ya durƙusa yana laluben ƙarfe a ƙasa. Na juya baya ina yi kamar ina gyara kaya.

Da ya miƙe bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Jarrabawa ce ashe. Marva ce ta aiko ki?” Na ce a'a. Ya ce, “Da kin tambaye ni kawai.” Ya zubar da ƙanƙarar a gindin itace, ya sa bokitin a motata, ya tafi da ƙafa. Mil biyu ne zuwa gidansa.

Litinin, 15 ga Oktoba

Bai kira ba. Marva ta kira ta yi godiya. Na so in kashe wayar a kunnenta.

Laraba, 17 ga Oktoba

Ya zo da hantsi, da burodin masara da Marva ta gasa. Muka zauna a baranda. Hannun yana kan gwiwarsa yau, a fili, yana ta abinsa.

Ya ce jiya ya rufe kansa a gareji ya sake gwadawa, ba ƙanƙara ba komai. Sau goma ya ƙulla, shida suka yi. Ya ce shida cikin goma ba lissafin sauka ta tara ba ne. Ya ce da gaske ya so ya ga koren hasken nan na bayan tukunya ta biyu sau ɗaya tak, shi ke nan. Bai yi kuka ba, ni ma haka. Mu ba mu iya ba.

Sai ya ce, “Ke kuma fa? Kin ɗauka ban ga yadda kike zagaye kududdufi ba?”

Na ce bayana ne.

“Bayanki. To.” Ya gutsuri burodi. “A duk duniya mu biyu muka san inda ɗan tsagin nan yake a tukunya ta uku, inda ake sa ƙafar hagu a ƙarƙashin ruwa. Ba ya nunuwa a takarda. Corinne za ta shiga wata rana, da ni ko babu ni, kin san halinta. Ina so wanda ya sani ya kasance a gabanta.”

Na ce ban taɓa shiga ba tare da shi ba, ba kuma zan fara da furfura ba. Ya ce furfurar ai ta daɗe, rini ne ya ɓoye ta. Ya tafi ya bar mini taswirar a kan kujera, wai ya manta.

Alhamis, 18 ga Oktoba

Na naɗe igiyoyin na mayar da su gareji. An gama. Ya kamata in ji sauƙi.

Asabar, 20 ga Oktoba

Yau ce ranar. Sararin sama tas, ko gajimare babu, kamar da gangan.

Na tashi ba abin yi, na ce bari in zaga da mota. Na tsinci kaina a bakin dam. Rigar ruwan tana baya, ban tuna sanda na sa ta a ciki ba. Na saka ta, ta matse ni a kafaɗa, tana warin akwati.

Na shiga ruwan. Gwiwa. Ƙugu. A ƙirji numfashina ya ɗauke, na tsaya ina haki kamar tsohuwar jaka, wani mai kamun kifi yana kallona daga nesa. Na ƙirga. Na rufe hannu, na buɗe, na rufe. Suna rufuwa.

Minti shida. Ba wani abu ba ne, yara ma suna yi.

Ban yi wa kowa alkawari ba. Na dai tambayi Corinne ko tana da hutu a ƙarshen wata, don kawai in sani. Ta ce tana da shi. Ta ce me ya sa haƙorana ke kaɗawa.

Na ce mata layin ne ba shi da kyau.