Haƙorin da ke kwance cikin ƙashi

Yaya Rabi,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara? Nan Urafan lafiya, sai dai hatsi bai yi ba bana.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: giɓina ke sa ni rufe baki, ba kunya ba. 'Yan matan littattafaina duk haƙoransu a jere suke.

A Maraɗi likita ya ɗauki hoton kaina, yana jujjuya hoton ƙoƙon kan cikin na'ura. Ashe haƙorin da bai fito ba yana kwance cikin ƙashi, lafiyarshi lau. Sai an tsaga dasashi a jawo shi. Baba ya ce a bar shi, amma ni ina so, kuma maganarki yake ji, ki yi mashi magana.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida maigidan. Na so yaga takardar nan, amma bari in miƙa wa direba.

Ƙanwarki,
Hadiza