Kar a Kunna Fitila Tukuna

Lahadi, 22 ga Disamba

Yau aka kafe hotunan fina-finan bikin Kirsimeti a bangon silimarmu. Na shida daga hagu, wai shi “Sai Ruwa Ya Ɗauke”. Saurayi da budurwa a bakin titi, sun jiƙe sharkaf suna ta dariya, da gani ba su san kuɗin maganin mura ba. Can ƙasa, da ƙananan baƙi: Waƙoƙi, Rodel Dimaculangan. Ɗana ke nan.

Marivic mai sayar da tikiti, wadda ke kirana Ate, wato yaya, ta kama ni ina karantawa. “Ate Minda, uwar mawaƙi! Yau sai kin saya mana taliya.” Na ce mata tabarau nake gogewa.

Saura shekara ɗaya ya gama karatun nas ya ajiye, wai kiɗa. Shekara uku ke nan muna magana sama-sama. A watan Oktoba ya zo gida, ya cinye mini shinkafa da busasshen kifi, ya kwashe kwalin tsoffin kaset na marigayi babansa, sannan ya ce, “Nanay,” haka yake kirana, wato mama, “in aka sauke fim ɗin nan kafin sabuwar shekara, na haƙura. Zan koma makaranta yadda kike so.” Ban bari bakinsa ya huce ba, washegari na karɓo fom ɗin komawa. Yana cikin jakata. Ranar goma ga Janairu za a rufe.

Talata, 24 ga Disamba

Na kunna kyandir a cocin asuba. Ban ce Allah Ya kayar da fim ɗin ba. Cewa na yi Ya zaɓa abin da ya fi alheri, kuma ai Ya san abin da nake nufi.

Laraba, 25 ga Disamba

Ƙafafuna sun mutu. Yara sun karɓi kuɗin Kirsimeti wurin iyayen baftisma, sun jawo gidansu kaf zuwa fim ɗin dodo da na barkwanci. Layi har matattakala. Zaure na uku, inda aka sa na Rodel, kuma inda aka sa ni (aikin Marivic ne wannan, na sani), mutum ashirin da uku a kujera ɗari biyu.

Shekara goma sha tara ina wannan aiki, tocila a hannu, baya ga allo. Mutane nake kallo, don in kama mai ɗaukar fim da waya ko mai ɗora ƙafa a kujera. Yau ma haka na yi, amma kunne ba ya da murfi. Labarin direban jipni ne, motar hayarmu ta cikin gari, da wata mai gyaran takalma. Da direban ya ɓarke da waƙa a tsakiyar cunkoso, wani ƙato a layin baya ya ce, “Kai malam, ja mota, mun makara!” Zaure ya kwashe da dariya. Na ji daɗi, sannan na ji haushin ƙaton.

Hoto na yin baƙi, sunaye suka fara hawa, na kunna fitilu, na wangale ƙofofi, na fita baranda ina nuna wa mutane hanya. Haka ake yi. Minti goma sha biyu gare mu mu share gugguru kafin wasu su shigo, kuma ba wanda ya taɓa biyan kuɗi don ya karanta sunaye.

Alhamis, 26 ga Disamba

Manaja Ocampo ya rage fim ɗin Rodel daga nuni biyar zuwa biyu, ya ba dodo sauran. A wannan bikin ba a jiran kowa: fim ɗin da bai cika kujera ba a kwanakin farko, waje. Sai fa in daren ba da lambobin yabo ya cece shi, gobe ke nan.

Ya kamata in yi murna. Na ci abincin rana rabi.

Rodel ya turo saƙo: “Nanay, kin ji?” Me zan ji? Na amsa masa da cewa ya ci abinci.

Juma'a, 27 ga Disamba



Nunin ƙarfe ɗaya. Wani dattijo mai sanda, fes da shi cikin farar riga, ya tsaya a gabana kafin ya zauna. “Baiwar Allah, ke ce ta jiya? Kin yanke mini waƙa. Akwai wata a ƙarshe, cikin sunaye, kika watsa mana haske, jama'a suka miƙe da surutu. Na sake biyan peso ɗari huɗu don ita kaɗai. Don Allah yau ki ɗaure hannunki.”

Na so in gaya masa ba shi ke biyana albashi ba. Amma ya girme ni, kuma mutum goma sha takwas ne kawai, sharar ba ta da yawa. Na ce to.

Hoto ya yi baƙi. Na tsaya da yatsa a kan makunni. Sai na ji shuuu irin na tsohon kaset, sai ƙwas ƙwas na guduma a kan tafin takalmi. Sai wani ya yi gyaran murya.

Ko cikin kasuwa zan gane wannan gyaran murya.

Poldo ne. Mijina mai gyaran takalma, shekara goma sha ɗaya a ƙasa, yana rera waƙar nan ta shirme da ya ƙirƙira lokacin da yake nemana. Na ari laimarsa wata ranar ruwa a bakin kogin Marikina, shi ke nan ya samu abin yi: “Kar ki dawo da laimar, riƙe ta, in samu dalilin zuwa.” Muryarsa ba ta da daɗi, bai taɓa iya hawa sama ba, a nan ma sai da ta karye. Daga baya goge da piyano suka shigo a hankali suka tallafe shi. Wannan aikin Rodel ne.

Ban juya ba. Mutanen na kalla. Ba wanda ya motsa. Wata mata ta cusa fuska a kafaɗar mijinta, shi kuma yana ta kallon silin yana haɗiyar yawu. Dattijon ya cire hularsa. Da ta ƙare suka yi tafi, su goma sha takwas, ni kuma na manta da fitilar sai da mai shara ya buga ƙofa.

Kwana biyu ina yanke wa mijina waƙa da hannuna.

Asabar, 28 ga Disamba

Ko tsinke ba su samu ba jiya. Kyautar waƙa ma wani fim ɗin yaƙi aka ba. Marivic ta ce alƙalan da auduga a kunne suka zauna. Na ce ƙila su ma an kunna musu fitila.

Manaja ya mai da na Rodel nuni ɗaya, na ƙarfe ɗaya. In zuwa Litinin bai cika rabin zaure ba, Talata a sauke. Sauran silimomi ma haka, in ji shi.

Na kira Rodel a lokacin hutu. Na shirya faɗa tun daga gida.

“Wa ya ba ka izinin sa babanka a kasuwa?”

Ya ce, “Sai yanzu kika ji? Na zaci tun ranar farko za ki ji, Nanay. Na yi ta jiran wayarki. Na manta ke ce mai kunna fitila.”

Faɗan ya tsere mini. Muryarsa duk ta dushe, na san bai yi barci ba. Ya ce zai zo karɓar fom ɗin ranar Laraba, alkawari alkawari ne. Abin da na shekara uku ina jira ke nan, kuma da ya faɗa sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Na ce sai na duba inda na ajiye shi. A cinyata yake, cikin jaka.

Yau mutum talatin da ɗaya. Ban kunna ba. Wasu sun miƙe cikin duhu za su fita, na haska musu tocila a ƙafa na ce, “Fim bai ƙare ba.” Suka koma suka zauna kamar 'yan makaranta.

Lahadi, 29 ga Disamba

Sittin da huɗu.

Wata yarinya ta ɗauki zauren da waya jiya lokacin tafi, ta sa a intanet. Shekara goma sha tara ina kama masu ɗaga waya, wannan kam ban gan ta ba. Ba allon ta ɗauka ba ai, mutane ne.

Marivic tana miƙa tikiti tana cewa, “Ku zauna har ƙarshen sunaye, in ba haka ba Ate Minda za ta cinye ku.” Ta kuma rubuta a zauren hirar ma'aikatan silima da muke ciki a waya, mu wajen ɗari uku daga nan har Cebu: a bar fitila minti huɗu a fim ɗin ruwa, muryar mijin Ate Minda ce. Na yi mata tas don ta tona ni. Kafin yamma amsoshi sun fi hamsin. Wata daga Davao ta ce ta gwada, mai shararsu ma ya yi kuka.

Ƙaton ranar Kirsimeti ya dawo, da uwarsa. Na gane shi da murya. Yau bai ce a ja mota ba. Da za su fita yana jan hanci ya ce mini, “Sanyin na'urarku ya yi yawa, Aling,” wato inna. Na ce sosai ma.

Ba kowa ba dai. Wasu 'yan mata uku sun ce ƙarshen bai yi ba, don me ba a nuna aure ba? Wani malami kuma ya tsayar da ni yana bayanin cewa waƙa ta huɗu ta yi tsawo. Ta yi tsawo, gaskiya ne. Amma ban ga wanda ya tambaye shi ba.

Manaja ya kira ni ofis. Minti huɗu na shara na tafiya, nunin dodo yana makara. “Aling Minda, tun yaushe kika zama mai karanta sunaye?” Na ce ni zan yi sharar da kaina, a rage mini hutu. Ya dube ni, ya dubi takardar tikiti, ya ce in je.

Bayana yana ciwo.

Litinin, 30 ga Disamba

Ɗari ake nema. Na tsaya a ƙofa ina yage tikiti ina ƙirgawa a zuci. Tamanin da bakwai aka kashe fitila. Sai ga matan ƙungiyar waƙa ta wata coci, su goma sha tara, sun makara, kowacce da laima a hannu alhali ko gajimare babu. Dattijon nan mai sanda ne ya jawo su, ashe shi ke kaɗa musu piyano. Ya ɗaga mini sanda ya ce, “Yau ma a ɗaure hannu.”

Ɗari da bakwai.

Da Poldo ya kai wurin da muryarsa ke karyewa, zauren ya ɗauka ya ƙarasa masa. Mutumin da ko a bikinmu sai da aka roƙe shi ya yi shiru. Na yi kuka, ba zan ɓoye wa takarda ba, na yi shi har da majina.

Laraba, 1 ga Janairu

Ba a sauke ba. Nuni uku a wurinmu, wasu silimomin ma sun mai da shi. Sabuwar shekara ta same shi a kan allo.

Rodel ya zo cin abinci. Bai tambayi fom ba, ban kawo zancen ba. Ya rame. Na ce masa waƙa ta huɗu ta yi tsawo. Ya ce, “Kin ma san wacce ce ta huɗu?” Na ƙara masa shinkafa.

Lahadi, 5 ga Janairu

Ranar hutuna ce, kuma ban san me ya kai ni ba. Na sa rigar zuwa coci, na bi layi kamar kowa. Marivic ta buɗe baki za ta yi magana, na ce tikiti biyu, kuma in ta yi dariya sai na fasa. Ta ce kyauta ne ga ma'aikata. Na ce na sani, na ajiye kuɗina.

Layi na bakwai, tsakiya, ni da Rodel. Ashe allon nan haka yake da girma. Ashe mai gyaran takalman tana ɗaure gashinta da fensir, yadda nake yi tun yana yaro. Gugguru kawai muka yi ta ci.

Sabuwar yarinya aka sa a ƙofa, kuma ba wanda ya gaya mata. Hoto na yin baƙi na hango hannunta ya nufi makunni. Kafin in miƙe, rabin zauren ya juya: “Kar ki kunna!” Muryata ta fi ta kowa, in ji Rodel. Ƙarya yake yi.

Na karanta sunayen duka, har da masu dafa wa ma'aikata abinci. Na ƙarshe shi ne Leopoldo Dimaculangan, murya da guduma.

Har yanzu ina nan a kan bakana, aikin nas aiki ne mai kyau, kuma na gaya masa haka a cikin jipni. Fom ɗin ma ban yar ba, yana nan cikin baƙar jaka, saura kwana biyar a rufe. Jakar ce dai ta yi mini nauyi kwanan nan, na rataye ta a bayan ƙofa na koma ɗaukar ƙaramar.