Layin Jirgin da Na Ja Zuwa Argungu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da ɗa ke durƙusawa ya yi. Damina biyu ke nan da rasuwarki, na san takardar nan ba za ta same ki ba, amma za ta sami waɗanda ya kamata su ji.

Labarin wani jirgin ƙasa zan ba ki. Kin tuna Emeka mai kayan babur a bakin kasuwar Birnin Kebbi, wanda ke ce miki Mama Nassarawa saboda unguwar da muke zaune? Bayan rasuwarki ya rataye kalandar ƙasar Japan a shagonsa. A jiki akwai hoton jirgi fari fat, kansa sulɓi kamar na tarwaɗa, ba hayaƙi ba gawayi, a ƙasa kuma an zana hanyoyin da yake bi gari zuwa gari. Na tsaya ina haɗa baƙaƙen Turancin ɗaya bayan ɗaya, yadda na koya wa kaina a jikin motoci, har na gane wai gudun harsashi yake, ya fi kilomita ɗari biyu a awa guda. Emeka ya ce, "Sahabi, ko ka saya ko ka matsa, hoto ba ya ɗaukar fasinja." Ƙarshe dai ya yage shafin ya ba ni.

Na samo taswirar ƙasarmu na ja nawa layin da jan biro. Ikko, Ibadan, Ilori, Jebba, Kwantagora, Yawuri, Jega, Birnin Kebbi, Argungu, ya ƙare a Sakkwato. Hanyar da muke bi da albasa ke nan. Na ja wani ya bi Gusau ya shiga Zariya da Kano, wani ya gangara Fatakwal saboda Emeka. A lissafina mutum zai yi asuba a Ikko, azahar ta same shi a Argungu har ya huta.

Mu kuwa me muka samu? Duk faɗin Jihar Sakkwato, layin dogo ya leƙo Gusau, ya kai Ƙaura Namoda, ya tsaya cak. A ci shinkafarmu, a ci albasarmu, a ci kifinmu, in aka zo jan layi sai tawada ta ƙare kafin a iso gare mu. Na faɗi haka a tashar mota, na faɗa wurin mai shayi a Gwadangaji, har aka sa mini suna Sahabi Jirgi. Kowa sai in ce masa, da akwai jirgin nan da na iske uwata da rai. Su girgiza kai, su tausaya mini.

Ƙarya nake musu, Inna. Su karanta su sani.

Ni ne ɗanki na fari, kin kuwa riƙe kunyar ɗan fari har ƙarshe. Ba ki taɓa faɗin sunana ba. "A ba wancan tuwo." "Ku ce ma yaron ga shi shigo, hadari ya taso." Ƙannena su hau cinyarki, ni yayarki Goggo Hajo ta goya ni. Kowa ya san al'ada ce. Ni ma na sani, sanin bai hana ni jin ciwo ba.

Ranar da zan bi motar albasa, na durƙusa yi miki sallama kina tsintar shinkafa a faifai. Kika ce wa ƙanwata, "A ce Allah shi kiyaye hanya." Bakin nan nawa da ba ya shawara da ni ya ce, ga ni gabanki, sai an yi mana tafinta? Kamar ba ke kika haife ni ba. Hannunki ya tsaya cikin shinkafar. Ba ki ɗago ba. Na fita.

Ina Ikko, ran Litinin da hantsi, direbanmu Manu ya iso da sabon lodi ya ja ni gefe. Ya ce an mai da ki gida Argungu, jiki ya yi tsanani, Goggo ta ce in taho. Na ce, ita fa, ta ce in zo? Ya ce, "Kai ma ka san ba ta cewa." Na ce to in tana son ganina ta faɗa da bakinta. Na koma kan buhu na zauna.

Akwai motar da ta juya gida a ranar, fanko, direban har hon ya yi mini. Tafiyar kwana biyu ce. Laraba da ina gabanki. Ba jirgi na rasa ba, Inna, motar Litinin ta isa. Ban tashi ba sai Alhamis, da fushin ya huce ya bar ni da tsoro.

Kin cika ran Juma'a da safe, aka yi miki sutura kafin a tafi masallaci. Lokacin muna wajen Jebba. Asabar na iso na tarar da tabarmi a ƙofar gida.

Goggo ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai da mutane suka ragu ta ce tun Talata duk wanda ya ɗaga labule sai ki tambaye shi, "Motar Ikko ta iso?" Ba ki da kaya a motar Ikko. Kwana uku kina kirana iyakar yadda kunya ta bar ki, ni ina kan buhun albasa ina jiran a faɗi sunana.

Na tambaye ta ko kin ce kin yafe mini. Ta ce ba ta ji ba.

Yanzu duk babbar motar da ta tsaya ta saki iska, tambayar nan nake ji a bayana, da muryarki, a hankali. In juya, 'yan talla ne kawai. Na bar bin mota, na koma noman fadama. Ko can, in mota ta bi ta kan gada sai fartanya ta tsaya a hannuna.

Na kasa zuwa maƙabarta sai bayan arba'in. Kawu ya raka ni. Mutum uku aka binne a jere a makon da kika rasu, ruwan sama ya daidaita ƙasar. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce ko na tsakiya ko na gefe, ba zai rantse ba. Don haka ukun nake yi wa sallama, ukun nake yi wa addu'a.

Inna tawa, Allah ya san wanne ne naki. Ya haskaka shi, ya yalwata miki shi, ya shayar da ke daga tafkin Annabi. Allah ya sa kin yafe a zuci ko da baki bai faɗa ba. In kuwa ba ki yi ba, ya haɗa mu inda zan durƙusa in roƙe ki da kaina, ko ta bakin wa kika ga dama ki ba ni amsa.

Ɗanki,
Sahabi