Takalmi Lamba Arba'in da Tara

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya kasuwa, ya kuma ciwon bayan? Inna da ƙanwata suna miƙo gaisuwa. Na yi ta kiranki a waya, ke kina "wane ne, wane ne", ni ina ihu a bakin titi har mutane na waiwaye. Shi ya sa na rubuto, direban motar safe zai ajiye miki a shago.

Gwaggo, na sami aiki. Wani otal ne ya ɗauke ni gwaji a teburin karɓar baƙi. Sun ba ni kwat da wando, tela ya ƙara wa wandon tsawo, komai ya zauna. Saura takalmi. Dokarsu baƙin sau-ciki na fata mai igiya, kuma kowa shi ke sayen nasa. Ranar farko na je da kambas ɗina. Manaja ta kalli fuskata, ta sauke ido ƙasa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta ce ta ba ni zuwa ƙarshen wata.

Kin san ƙafata, arba'in da tara. Shagunan nan duk a arba'in da biyar suke tsayawa. Wani mai talla a waya ya rantse yana da nawa, na saya. Da ya iso sai na ga an kankare lambar ƙasan an rubuta wata da biro. Ba ma fata ba ce, ina lanƙwasa shi saman ya fara ɓarewa.

Don Allah ki duba mini a kasuwarku, tunda ta fi tamu girma. Ba na neman ado, wanda dai zai jure tsayuwar wuni kuma kuɗinsa bai fi ƙarfina ba. Ko na gwanjo ne ina so. Ga kwali nan na zana ƙafafuna biyu a kai.

Ki huta lafiya.
Ɗanki, Falwaya

*

Falwaya ɗana,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na yi murna da aikin nan ƙwarai, Allah ya sa albarka. Kunnena lafiyarsa lau, wayar ce ba ta da kirki.

Na rufe shago na bi layin masu takalma da kwalinka a hammata. Na farko da na nuna wa cewa ya yi, Hajiya, takalmi kike nema ko kwalekwale? Wani ya kira maƙwabtansa su zo su gani. Masu gwanjo sun zazzage mini dila har ƙasa. Mun sami wani but ruwan ƙasa mai kyau, fata ta gaske, na ɗora shi a kan zanenka babban yatsa ya leƙo waje. Mun sami baƙi guda da ya yi daidai, sai dai ƙafar hagu ce kaɗai, ta daman ba wanda ya san ƙasar da take. Mai kayan har ragi ya yi mini. Na ce masa yaron nawa ƙafa biyu gare shi.

Yanzu saurara, kada ka yi mini fushi. A garin nan mutum ɗaya na sani mai irin ƙafarka, kuma ka san shi, don daga wurinsa ka ɗauko ta. Duk shekarun da babanka ya yi a aikin kashe gobara, ko but ɗin ma'aikata ba ya shigarsa. Wani tsohon baduku ne a bayan tasha yake ɗinka masa. Har itace ya sassaƙa daidai ƙafarsa, a kansa yake ja fatar.

Ban faɗa masa komai ba. In ka ce in je, in je.

Ka gaishe da innarka, ka ce ina nan ina cigiyarta.
Gwaggonka

*

Gwaggo,

Bayan gaisuwa da ban-gajiyar yawon kasuwa. Allah ya saka da alheri.

Kada ki je wurin ƙanenki. Ina da shekara goma sha shida na shiga mota ni kaɗai na je wurin aikinsa, ban gaya wa Inna ba. Mai gadi ya shiga ya faɗa masa. Na tsaya a bakin get tun hantsi har inuwa ta juya, ina hango shi a ciki yana naɗe tiyo. Bai fito ba. Aikowa ya yi a ce in koma gida, zai zo. Kin san ko ya zo. Ban nemi komai a wurinsa ba tun daga ranar, ba kuma a kan takalmi zan fara ba.

Na sami wani arba'in da bakwai a nan na matsa ƙafata ciki. Kwana kaɗan farcen babban yatsana ya yi baƙi, dunduniyata ta sale. Wani baƙo ya ga ina ɗingishi da jakarsa, ya karɓe abarsa ya ce in zauna. Manaja ta gani. Yanzu ta mai da ni ɗakin wanki da guga a baya, inda ba mai ganin ƙafar kowa. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi teburin karɓar baƙi ba zai zauna babu kowa ba, akwai wani da ke jira, in wata ya ƙare ban shirya ba shi za ta ba.

Inna ta riga ta gaya wa duk layinmu ɗanta yana sa kwat. Ban faɗa mata zannuwan gado nake ninkewa ba.

Ki je wurin badukun kai tsaye. Tunda itacen yana wurinsa, ya ɗinka mini a kai, ba sai kowa ya sani ba.

Na gode.
Falwaya

*

Falwaya,

Ina gaishe ka. Da farko, "ƙanenki" ɗin nan da kake rubuta mini ka daina. Ƙanena ne tun kafin a haife ka, ba sai ka tuna mini ba.

Na je bayan tasha. Badukun ya rasu bara. Shagon yanzu cajar waya ake sayarwa a ciki. Ɗansa ya ce kafin tsohon ya kwanta ciwo ya kira masu itatuwan nan ɗaya bayan ɗaya ya ba kowa nasa. Ka ga ke nan inda na babanka yake.

Na zauna a kan bencin mai shayi na yi tunani. Ka ce kada in je. Ni kuma na ce yaro zai rasa aiki ina riƙe da kwali. Sai na je. In za ka yi fushi ka yi da ni, na saba.

Na same shi a ƙofar ɗakinsa yana gyara rediyo. Ya tsufa, Falwaya. Gwiwoyin sun gama aiki, da sanda yake tashi. Ɗaki ɗaya ne, shi kaɗai, gado da kujera da akwatin ƙarfe. Na ce wani mai sayen kaya a wurina ne yake neman aron itacen. Na ajiye kwalin a ƙasa. Ya dube shi, ya zare silifa ya ɗora ƙafarsa a kan zanen. Kamar shi aka zana. Sai ya ce, "Yaya, wane aiki ya samu?"

Na faɗa masa. Ya ce, "Tsayuwa ce ko zama?" Na ce tsayuwa. Ya ce in bar masa kwalin in dawo jibi.

Na koma, ya ba ni ƙullin nan da takarda a ciki. Ban buɗe takardar ba, ko da yake Allah ya sani na so. Ka karanta ko kada ka karanta, amma takalmin ka sa shi. Ƙafa ba ta san rigimarku ba.

Gwaggonka

*

Assalamu alaikum.

Ina fata kana lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙanwarka. Na ji ka sami aiki. Allah ya taimaka.

Wannan takalmin fareti na ne. Fatar maraƙi ce. Ban sa shi da yawa ba, ni yanzu ba na sa sau-ciki. Na kai an sake masa dunduniya. A zanenka na ga ƙafarka ta hagu ta fi tawa faɗi wajen ƙaramin yatsa, saboda haka na jiƙa wurin na ɗaura shi a itace da tsumma ya kwana biyu. Ya buɗe kaɗan.

Kada ka sa shi sai ciwon dunduniyarka ya bushe. In ya bushe, ka fara sa shi a gida da safa mai kauri kafin ka kai shi aiki. In ka dawo ka kwance igiyar gaba ɗaya kafin ka cire, kada ka taka bayansa. Ka cusa masa takarda. In ruwa ya taɓa shi ka bar shi a inuwa, ban da rana, ban da wuta. Mai kaɗan ake sa masa, buroshi ne da yawa.

Nan gaba in za ka saya, ka juya shi ka duba ƙasan. In ɗinki ne, ana iya sake masa tafi sau da yawa, ya yi maka shekaru. In gam ne kawai, ranar da ya buɗe ya gama. Ka danna fatar da yatsa. Ta gaske tana yin ƙananan layuka ta koma. Ka shinshina. Mai arha da za ka saya sau uku ya fi mai tsada tsada.

Takalmi ɗaya ba ya isar mai tsayuwa, yana bukatar hutun kwana. Akwai wanda ya koyi aiki wurin marigayin, zai iya ɗinka maka na biyu a kan itacena.

Gwaggonka ta yi mini maganar ranar da ka tsaya a bakin get. Ba maganar takarda ba ce.

Wassalam.
Mahaifinka

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri. Na yi fushin, ya wuce.

Ƙullin ya kwana biyu a ƙarƙashin gado ban taɓa ba. Da na ga wata ya kusa ƙarewa na ciro. Gwaggo, tunda na girma ban taɓa sa takalmin da yatsuna suka miƙe a ciki ba. Na zauna a bakin gado ina motsa su kamar wani yaro.

Na koma tebur. Manaja ta dubi ƙasa ta ce, "To, yanzu ka zo aiki." Ta ce in kawo hotuna a yi mini katin ma'aikata.

Abin da ban shirya masa ba Inna ce. Na ajiye takalmin a ƙofar ɗaki na shiga wanka. Ina fitowa na tarar da ita tsaye a kansa da tsintsiya a hannu. Ban gaya mata daga inda ya fito ba, ba ta kuma tambaya ba. Cewa ta yi, "Ya rame?" Na ce ban gan shi ba, Gwaggo ce ta je. Ta ci gaba da shara. Can da yamma ina goge shi ta leƙo ta ce man ya yi yawa, ba haka ake yi ba. Ta karɓi buroshin ta yi ƙafa ɗaya, ta miƙo mini ta ce in yi ɗayar. Nata ya fi nawa ƙyalli nesa ba kusa ba. Da za ta fita ta ce, "Abin da ke tsakanina da shi nawa ne. Ban taɓa ce maka ka ɗauka ba."

Ƙanwata ta ce a tambaye ki ko ya yi maganarta. Na ce mata ya sa ta a gaisuwa. Ta karɓi takardar ta duba da kanta.

Ga 'yar takarda nan, ki ba shi in kin sami hanya. Kada ki buɗe.

Ɗanki, Falwaya

*

Baba,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso, na gode. Ya yi mini daidai, na hagun ma bai matse ni ba. An tabbatar mini da aikin.

Abu ɗaya ne. Na daman yana ƙara in na taka tayil. Zauren otal ɗin shiru gare shi, in na ratsa kowa sai ya ɗago kai. Abokan aiki sun fara cewa ba sai na yi sallama ba. Me ake yi masa?

Na biyun da ka ce, zan duba in an yi albashi.

Ka huta lafiya.
Ɗanka

*

Wa alaikumus salam.

Na ji daɗin labarin aikin.

Ƙarar tsohuwa ce, ni ma ya yi mini. Ka ɗaga shimfiɗar ciki ka barbaɗa hoda a ƙarƙashi, ka mayar. Yawanci yana dainawa. In bai daina ba to a tsakanin tafin ne, sai an duba da hannu. Wannan ba na iya yinsa daga nan.

Kullum ina gida, ban da safiyar da nake zuwa asibitin gwiwa.

Mahaifinka

*

Baba,

Assalamu alaikum. Na sa hodar. Bai daina ba.

Laraba nake hutu. Zan shigo motar safe, in juyo a ta yamma. Ƙanwata ta ce za ta biyo ni.

Ɗanka