Rijiyar Gidan su Marigo

Litinin, 9 ga Satumba

Sabon ayarin 'yan yawon buɗe ido, mutum goma sha huɗu, mako guda za su yi a tsibirinmu na Rodos. Yawancinsu daga Ostireliya. Na zaga da su tsohon gari kamar kullum: ganuwa, fada, kasuwa, sannan lungun rijiya. Ƙafata ta hagu ta sake kumbura. Mijina Sotiris ya ce laifin takalmina ne. Shekara ashirin da aure, komai laifin takalmina ne.

Akwai wata tsohuwa a cikinsu, Kiriya Evdokiya, da 'yarta Froso. Girkancinta irin na kakata ne, kalmomin da aka daɗe da dainawa. A bakin rijiya na ba da labarin, kowa ya yi dariya ya jefa kwabo ta tsakanin ƙarafan murfin. Ita ba ta matso ba. Na ɗauka gajiya ce, har na tsokane ta: "Kiriya, jefa mana ɗaya mana, ko a dace da ɗan saurayi." Aka kwashe da dariya. Froso ta kama hannunta suka koma inuwa.

Talata, 10 ga Satumba

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa sai ni.

Labarin rijiyar nan ni na ƙirƙire shi, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Lungun ba komai a cikinsa sai bango da zafi, mutane suna ta hamma, sai wata rana na ce 'yar wani pasha, wato basarake, ce ta so masunci, suke haɗuwa a nan, kuma duk wanda ya jefa kwabo zai yi aure kafin shekara. Ya karɓu. Sauran masu zagayawa da baƙi suka ɗauka. Manolis mai shagon kayan sanyi har allo ya kafa, Rijiyar Masoya.

Yau bayan hawan dutsen Lindos na kai su cin abincin rana a gidan abincin Sotiris. Gasasshen kifi, ganyen inabi naɗe da shinkafa, zaitun, cuku. Ina zagaya tebura ina tambayar ko komai ya yi, sai tsohuwar ta taɓa gefen rigata. A hankali ta yi magana, ba wanda ya ji sai ni da Froso.

"'Yata, gidan da ke bayan rijiyar nan gidanmu ne. Ba wata 'yar pasha. Ƙanwata Marigo ce ta faɗa ciki, tana da shekara huɗu. Lokacin ba murfi."

Na tsaya da kwandon burodi a hannu. Me na ce? Na ce ko a ƙaro mata ruwa. Wallahi abin da na ce ke nan.

Laraba, 11 ga Satumba

Na ce kaina na ciwo, abokiyar aikina Eleftheriya ta kai su kwarin malam-buɗe-littafi. Kaina lafiya lau.

Alhamis, 12 ga Satumba

Bakin teku, Tsambika. Kowa ya shiga ruwa sai ita, tana zaune ƙarƙashin lema da baƙin siket, ta cire takalmi. Na yi ta kewaya ina ƙirga tawul kamar wani ya sa ni. Daga baya na zauna kan yashi kusa da kujerarta. Na shirya magana tun jiya, duk ta gudu. Na ce ban sani ba. Ta ce ai ta san ban sani ba.

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ta ce shekararta tara a lokacin. Uwarsu ta tafi kai kwaɓin burodi wurin masu gasawa, ta bar mata yarinyar. Ita kuma ta ji ana kiɗa a bakin titi, ta leƙa. Leƙawa kawai. Bayan shekara biyu ubansu ya sayar da gidan suka hau jirgin ruwa zuwa Ostireliya, uwar ba ta sake kiran sunan Rodos ba har ta mutu. Shekara sittin da bakwai tana tara ƙarfin zuciyar da za ta tsaya a bakin rijiyar nan. Ta zo, ta tarar da ni ina ba da dariya.

Wannan na ƙarshen ba ta faɗa ba. Ni na faɗa wa kaina.

Ta tambaye ni ko na san inda ake binne mutanen unguwar a da. Ba a je da ita ba ranar binne Marigo, an ce yara ba sa zuwa. Ni da nake cin abinci da sanin garin nan, ban sani ba.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na je wurin Manolis na ce ya sauke allon. Ya dube ni sama da ƙasa. "Haba Kalliyopi, ke kika haifi labarin, yau kuma ke za ki binne shi? Rabin cinikina daga rijiyar nan yake." Na ba shi labarin yarinyar. Ya yi alamar gicciye, ya ce Allah ya jiƙanta, ya juya ya zuba wa wani Bajamushe kayan sanyi. Allon na nan.

Ina tsaye wani yaron kamfani ya iso da ayarinsa yana ba da labarina da Faransanci. Har ya ƙara wa masuncin doki.

Sotiris ya ce in bar abin, ba ni na tura yarinyar ba. Na ce na sani. Ya ce to me ya hana ni cin abinci.

Asabar, 14 ga Satumba

Ranar hutun ayarin ce. Na ɗauko su a motata, ita da Froso. Coci uku muka je kafin wani tsohon limamin coci, Papa Nikitas, ya samo sunan a wani littafi da gara ta ci gefensa. Ya ce kabari kam babu, an daɗe da kwashe ƙasusuwan an kai ɗakin ajiya na makabarta, tunda ba dangi a gari.

Ɗakin da sanyi, kantoci har rufi. Mun fi awa muna karanta sunaye. Froso ce ta gani, can ƙasa a lungu: ƙaramin akwatin kwano, ya yi tsatsa, harafi uku kawai suka rage na sunan. Sauran akwatunan da hotuna da 'yan fitilun mai. Nata ba komai, sai ƙura.

Tsohuwar ta durƙusa da ƙyar, ta ciro hankicinta tana gogewa. Ta ce, "Ga ni, Marigo. Na daɗe." Na fita waje na tsaya ina kallon itatuwa. Ba ni da hurumin ji.

A hanyar dawowa ta ce tana jin yunwa, karo na farko tun zuwanta in ji Froso. Muka tsaya wani ɗan shago ta ci wainar gari da zuma har biyu, ta ce na uwarta sun fi. Ta hana ni biya.

Litinin, 16 ga Satumba

Sun tafi. A filin jirgi ta kama fuskata da hannu biyu kamar ƙaramar yarinya, ta ce in kula da ƙafar nan. Ba ta roƙe ni komai ba. Na so ta roƙa.

Laraba, 18 ga Satumba

Sabon ayari, 'yan Holan. A lungun na ce wannan rijiya ce ta unguwa, da mutane suna ɗiban ruwa a nan, mu wuce. Wata ta nuna allon Manolis ta tambayi labarin masoyan. Na ce ban san shi ba. A takardar ra'ayi ta rubuta cewa ba ni da fara'a. Ofis sun kira.

Asabar, 19 ga Oktoba

Baƙi sun ragu, teku ta fara sanyi. Na biya ta makabarta, dama ina da sayayya a wajen. Fitilar da na sa wa Marigo ta mutu, na ƙara mai na kunna. Na sa an sake rubuta sunan da farin fenti, don wancan ya yi muni ne kawai.

Mai gadin ya tambaye ni ko 'yar'uwata ce, tunda duk Asabar yana ganina. Na ce ba duk Asabar ba.

Ya ce biyar ke nan a jere. Ban yi masa musu ba.